Yau Baba Kofur Zai Hau Saman Gwaggo

Baba Kofur ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a gaban mai ƙosai da leda a hannu. Ƙosan da shi da bakinsa ya ce in zo masa da shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah ne mu duka, kuma can za mu koma.

Motar da za ta kai shi maƙabarta kuwa, ni na lalata ta da hannuna shekaranjiya.

Ku yi haƙuri da rubutun nan, a cikin motar nake yin sa, injin na aiki, komai na rawa. Ido ɗaya a waya, ɗaya a kan allurar gejin mai. Liman ya ce in zauna a nan kada in bari ta mutu har Nura, babban ɗan Baba, ya iso daga Inugu. Idan na zauna shiru haka nan zuciyata za ta fito ta baki, shi ya sa na ce bari in gaya muku wane ne muka rasa.

Don waɗanda ba su san mu ba, ni ne Tanko direba na nan Fatakwal. Karatuna ya tsaya a aji biyu na sakandare, inda ni da lissafi muka rabu cikin mutunci, ba wanda ya riƙe wani a zuciya. Motata tsohuwar motar soja ce da aka yi gwanjonta, irin mai dogon hancin nan wadda duk ƙafafunta ke ja. Da ita nake dakon albasa da buhuna daga kasuwar Mile 3 zuwa lungunan da wasu motoci ke tsoron shiga.

Baba Iliya Kofur tsohon makanikin soja ne. Shi ya zaɓo mini motar, shi ya raɗa mata suna Gwaggo.

Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Injinta an yi shi ne don daji. Gas, kalanzir, baƙin mai da aka tace, duk tana ci. Ba ta zaɓen abinci. Amma ranar da ya ɓata mata ciki, duk unguwa sai ta ji."

Ni rabin farko na maganar na haddace. Rabi na biyun na bar masa.

Wanda ya zauna a nan ya san maƙabartarmu a bayan gari take, kuma idan damina ta zauna hanyar komawa take kamar kunu. Bas ba ta shiga, keke ba ya shiga, ko okada sai dai mai shi ya goya shi. Shi ya sa tun da daɗewa, duk wanda Allah Ya yi wa rasuwa a unguwarmu da damina, Gwaggo ke kai shi. Ni ke tuƙi, Baba ke riƙe da ranta.

Wata rana muna dawowa daga binne wani dattijo, Baba na zaune gefena, laka har gwiwa, sai ya buga allon gaba da tafin hannu ya ce, "Injiniya."

Haka yake kirana tun ranar da na ɗaure wani noti har ya tsinke.

"Na'am, Baba."

"Shekara da shekaru ina kwance a ƙarƙashin tsohuwar nan, tana ɗiga mini mai a ido. Rana ɗaya dai nake so in kwanta a samanta. Ranar tawa kada ka bari a saka ni a wata motar."

Na yi dariya na ce ai sai dai shi ya kai ni, tun da yadda nake tuƙi ni zan riga shi.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka ce to."

Na ce to.

Allurar ta ɗan sauka yanzu. Na taka totur kaɗan, ta dawo. Bari in ci gaba.

Shekaranjiya Oga Obinna mai fenti, wanda shagonsa ke manne da garejin Baba, yana kwashe tarkace. Na hango wani duro a gefe cike da baƙin mai. Idona ya ƙyalla. Ya ce in ɗauka in ina so, zubarwa zai yi, amma ya ƙara da cewa, "Tanko, no put am for motor o. Tina dey inside." Wato akwai tina a ciki, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi.

Na ce, "Oga, ka san Gwaggo kuwa? She dey chop anything."

Baba yana da ƙa'idarsa kan irin wannan mai. A bar shi ya kwanta ruwa da datti su sauka ƙasa, a tace da tsohon zani, a shinshina, a ɗiga a kan guntun roba a ga ko zai ci ta. Duk wannan na sani. Amma Baba na kwance ba lafiya, ba wanda zai gan ni, kuma a gaskiya ina son mutane su taru su ga motata na shan abin da wasu ke zubarwa.

Sun taru kuwa. Har da mai ɗaukar bidiyo.

Na je gida ina ba da labari ina dariya. Maman Bilki ta dube ni ta ce, "Baba Kofur ya sani?" Na ce ba komai ne sai an tambayi Baba ba, ni ma na daɗe a harkar. Ta ce, "Allah Ya kyauta," ta ci gaba da tankaɗe. Idan matata ta ce Allah Ya kyauta da wannan muryar, yawanci ba ta rufa kwana biyu.

Kwana ɗaya ma aka yi.

Jiya da hantsi ina dawowa daga Mile 3 da kayan mutane, Gwaggo ta fara tari. In taka, ta yi kamar ba da ita nake ba. Ta ɗan ja, ta saki, ta ɗan ja, ta saki. Da na zo hawa wata 'yar gada wadda ko akuya ba za ta kira ta tudu ba, sai ta yi ajiyar zuciya ta mutu. Masu keke suka cika ni da oda, wani ya leƙo ya ce, "Oga soja, war don finish?"

Da ƙyar aka ja ta zuwa garejin Baba da ke ƙofar gidansa.

Baba ya fi mako yana fama da ƙirji. Inna Hauwa, matarsa, ta hana shi fita. Amma da ya ji ƙarar sarƙa ana jan Gwaggo, sai ga shi ya fito da sanda, da rigar sanyi, ya sa aka ajiye masa kujera a ƙarƙashin rumfa.

Na durƙusa na gaishe shi. "Baba, ina wuni, ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi. Buɗe murfin tanki."

Na buɗe. Daga inda yake zaune ya shaƙi iska, ya rufe ido.

"Injiniya, fenti za ka yi mata ta ciki?"

Oga Obinna na bayan katanga yana dariya har da riƙe ciki.

Ba wannan ne karo na farko da Baba ya tsamo ni daga ramin da na haƙa wa kaina ba. Farkon samun motar, na ɗauko kaya daga kasuwar Ose Okwodu a Anacha zuwa Inugu, ta mutu mini a kan tudun shiga gari. Na kwana biyu a wurin. Har na fara kwance babban famfon injekta, abin da ko sunan notinansa ban sani ba. Baba ya hau bas tun daga Fatakwal ya same ni, da 'yar jakarsa a hammata. Ya kalli abin da na baje a kan buhu, ya kalle ni.

"Mai daga ina yake tasowa?"

"Daga tanki, Baba."

"To me ya kai ka hanci?"

Ya zagaya baya, ya kwance wani ɗan murfi a saman tanki, ya zaro fiyus ɗin da ya ƙone, ƙarami kamar ƙwayar dabino. Ya canza. Sannan ya zauna ya mayar da duk abin da na kwance, ɗaya bayan ɗaya. Da muka dawo gida mutane na tambaya me ya faru, ya ce musu babbar matsala ce, ni da shi muka sha fama.

Haka yake. Zai yi maka tsiya kai da shi, amma a gaban mutane ba ya kunyata ka.

Ranar da za a haifi Bilki kuwa, ruwa ya kwana yana zuba, unguwa ta cika, ba abin hawan da ke motsi. Na sa uwarta a gaban Gwaggo da safe, sai wani tiyon mai ya tsage a gefen injin, yana jan iska. Ba lokacin canzawa. Baba ya buɗe murfin gefe, ya hau kan madigadi ya zauna, ya danne tsagar da babban yatsansa ya ce, "Ja mu tafi." Haka muka je har asibiti, ruwa na dukansa, zafin injin na gasa shi.

Har Bilki ta girma ta shiga makarantar koyon jinya, in ya gan ta sai ya ɗaga yatsan ya ce, "Da wannan aka haife ki, ki gaishe shi."

Ita kuma ta durƙusa ta ce, "Ina kwana, yatsa."

Yau ta kira ni daga makaranta ba iyaka. Ba ta tambayar komai sai, "Baba, Gwaggo ta tashi?" Muryarta ce ba na so in ƙara ji a haka.

To jiyan, daga kan kujera ya yi ta ba da umarni da sanda. Na kwance notin ƙasa na zubar da duk dattin da ke tanki. Aka zuba gas mai kyau kaɗan. Ya miƙo mini gejinsa, wanda yake ajiyewa a cikin tsohuwar safa, ya ce in ɗaura a saman filtocin gefen injin, inda ake cire iska. Gejin nan da shi ake ganin ƙarfin da mai ke zuwa da shi. Lambobinsa sun goge tun tuni, amma Baba ya karta layi biyu a gilashin da ƙusa. Na ƙasa, inda allura za ta kai idan an kunna suwic kawai. Na sama, inda za ta tsaya idan injin na aiki.

"Daga baya za mu fara," in ji shi. "Kunna."

Na kunna suwic. Ƙaramin famfon da ke cikin tanki ya fara gurnani kamar kullum.

Na ce, "Famfo lafiya, Baba. Ka ji shi."

Ya sa na matsar da kujerarsa kusa, ya ɗora bakin sandarsa a jikin tanki, ya kara ɗaya gefen a kunne. Ya daɗe a haka. Ni kuwa na ƙosa mu wuce gaba inda ake aikin manya.

"Allura fa?"

"Tana kwance, Baba. Ko motsi."

Muka bi hanyar man. Filta ta farko da ke jikin shasi, da na buɗe ta abin da ya fito kamar miyar kuka da ta kwana. Akwai sabuwa a gareji, muka saka. Allura ta ɗan ɗaga kai ta koma. Muka duba tiyo ɗaya bayan ɗaya ko akwai mai jan iska. Babu. Na buɗe filtoci biyun gefen injin, su ma sun toshe, takardarsu ta kumbura. Irinsu babu a Fatakwal, sai Anacha. Baba ya kira Alhaji Mamuda mai albasa na Ose Okwodu, tsohon amininsa, ya ce ya saya ya ba motar da za ta fara tasowa.

Na ce, "Ko in wanke tsofaffin da kalanzir?"

Ya ɗaga sanda kamar zai ɗora mini. "Kada in ji, kada in gani. Takarda ce. Ka wanke ta ruɓe, ta saki dattin ya wuce cikin injekta, sannan ka zo ka ga abin da ake kira matsala."

Lokacin hadari ya haɗu, magariba ta matso, tarinsa ya tsananta. Inna ta fito ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran ya shiga.

Baba ya ce, "Ba filtocin nan kaɗai ba ne. Saura wuri ɗaya."

"Ina, Baba?"

"In na faɗa maka, ina shiga ciki za ka buɗe, ruwan sama ya shiga, notina su faɗa laka. Na san ka. Gobe da safe. Ka zo mini da ƙosai mai zafi, kada ka bari Inna ta gani."

Inna na tsaye tana ji. Ta ce, "Malam, kunnena ƙalau."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Na riƙe masa hannu ya miƙe. Da zai shiga ya waiwayo ya kalli motar, ba ni ba, ya ce, "Tsohuwa, yi haƙuri da shi. Yaro ne."

Ni da furfura a gemu.

Maganarsa ta ƙarshe da na ji ke nan.

Bayan asuba, in ji Inna, ya koma ya kishingiɗa, ya ce a buɗe masa taga. Shi ke nan.

Da na iso gidan, ledar ƙosan na hannuna, na ma manta da ita. Maza sun cika ƙofar gida. Ban gama gaisawa ba na ga ido ya dawo kaina, daga ni sai Gwaggo da ke tsaye hanci a buɗe kamar marar lafiya a gadon asibiti. Kowa ya ga bidiyon.

Liman ya ja ni gefe. "Malam Tanko, an jima da la'asar za a yi, in Nura ya iso. Ya ake ciki?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ana ƙoƙari."

Ya ce, "Idan ba ta tashi ba, ba laifi. Bas za ta kai mu inda kwalta ta ƙare, samarin dako sun ce za su ɗauka a kafaɗa."

Na san hanyar nan. Jiya an yi ruwa. Akwai inda laka ke kai mutum cinya, akwai inda ba ka sanin rami sai ka faɗa. Na taɓa ganin makara ta karkace a wurin, ba na so in sake gani. Ballantana da Baba a ciki. Ballantana na ce masa to.

Ina nan tsaye sai aka ce Inna na kirana. Na shiga zaure na durƙusa, na kasa haɗa ko gaisuwar. Ita ta fara.

"Tanko, mun yi rashi."

"Inna, ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Baba."

"Amin. Karɓi wannan." Ta miƙo wata baƙar leda ta bayan labule. "Jiya bayan ka tafi ya sa na ɗauko masa akwatinsa, ya yanka wannan. Ya ce in ajiye, kada in ba ka sai gari ya waye."

Guntun sabon tiyo ne, bai kai tsawon tafin hannuna ba, da kilif biyu na ɗaure shi.

"Bai ce na ina ba ne, Inna?"

"Ni ina na san motarku? Cewa ya yi za ka yi ta zagaye kafin ka gane."

Ya san ni kuwa.

Na fito na fara zagaye. Mutane na zaune a tabarma suna amsa gaisuwa, ni kuma ina bin mota da guntun roba a hannu, ina gwada shi a jikin kowane tiyo kamar mai neman wa maraya uba. Na gefen injin ya yi masa faɗi. Na ƙarƙashi ya yi masa tsawo. Na shiga ƙasa, na fito, na sake shiga. Wani dattijo ya ce a hankali, "Allah sarki, abin ya taɓa shi." Suna zaton kaina ne ya juye.

Saura kaɗan ya juye ɗin.

Na zauna a laka na jingina da tankin, gumi da hawaye sun haɗu ban san wanne ne wanne ba. Kujerar Baba na nan inda muka bar ta jiya, daf da tankin. Sai na tuna yadda ya sa na matso da ita. Na tuna sandar a kunnensa, da daɗewar da ya yi, ni ina ta cewa famfo lafiya.

Duk tiyon da ke waje na gwada. Wanda ban gwada ba sai wanda ba a gani.

Na hau na kwance farantin saman tanki. Notinan na zuba su a hulata, na ba Oga Obinna ya riƙe, don kada maganar Baba ta tabbata a kaina sau biyu. Na zaro famfon gaba ɗaya. Ga shi nan. Ɗan tiyon da ke haɗa famfo da bututun fita, tina ta ci shi, ya yi laushi kamar ganda, ya tsage daga sama har ƙasa. Ashe famfon na ta gurnaninsa yana tura mai, man na fita ta tsagar yana komawa cikin tanki. Abin da Baba ya ji ta sanda ke nan.

Na gwada guntun da ya yanka. Kamar an auna. Daga kan kujera, da ciwon ƙirji, bai ko buɗe ba.

A nan ne na yi kukan da ban yi ba tun safe, a saman tanki, a gaban kowa.

Oga Obinna bai ce na gaya maka ba. Ya tafi ya dawo da jarkokin gas mai tsabta, ya ajiye, idonsa jajur. Ya ce, "Na for Baba," wato saboda Baba ne.

Na mayar da komai, na kunna suwic. Allura ta tashi a hankali ta taɓa layin ƙasa. Wallahi ban taɓa son wani ƙarfe kamar yadda na so allurar nan a lokacin ba.

Sai filtoci.

Na kira Alhaji Mamuda. Shi ma yana kan hanya, muryarsa ta dushe. Ya ce ya ba direban motar albasa tun da asuba, amma wata tirela ta faɗi ta tare hanya, suna tsaye ba gaba ba baya. Na ce yaushe za su iso? Ya ce, "Tanko, Allah kaɗai Ya sani. Ka yi dabara."

Dabarata ce ta kawo mu nan, Alhaji.

Na ɗauki tsofaffin filtocin na tsaya ina kallonsu. Na kalli kujerar. Na ce, Baba, ka ce kada ka ji kada ka gani, to yau ba ka ji ba ka gani. Na wanke su da kalanzir a hankali kamar mai wankan jariri, na mayar. Na sassauta notin cire iska har kumfa ta ƙare mai ya fito sumul. Na hau, na yi bisimilla, na danna maɓalli.

Ta yi tari. Ta sake. Ta saki wani baƙin hayaƙi da ya tashi mutanen tabarmar farko.

Sannan ta kama.

Ba wanda ya yi ihu, gidan rasuwa ne. Sai dai na ji "Alhamdulillahi" na bin layi daga tabarma zuwa tabarma.

Amma ba zan yi muku ƙarya ba. Allurar ba ta kai layin sama ba. Tana ƙasa da shi, tana rawa. Na jawo gejin da dogon tiyo na ɗaure a gefen gilashi inda zan riƙa gani. A tsaye haka tana jurewa. Abin da ban sani ba shi ne idan ta shiga laka da nauyin mutane, ta buƙaci mai da gaske, ko takardar da na wanke za ta bar shi ya wuce, ko za ta saki ta kashe injekta a tsakiyar hanya. Mutum ɗaya ne a duk garin nan zai iya kallon allurar ya gaya mini za ta kai ko ba za ta kai ba, kuma yanzu haka ana yi masa wanka.

Ba zan kashe ta ba. Ko alwala sai da Oga Obinna ya zauna ya riƙe mini totur.

Maman Bilki ta aiko da sabuwar tabarmarmu, wadda take hana kowa takawa, an shimfiɗa a bayan motar. Samari sun wanke wurin tas, ba ko ɓawon albasa. Ledar ƙosan kuwa ga ta nan a kujerar da Baba ke zama. Ya huce. Na kasa ci, na kasa bayarwa.

An ce Nura ya shigo gari. Hadari kuma ya fara haɗuwa ta gabas.

Abu ɗaya Baba ya taɓa roƙona tun da na san shi, kuma har yanzu yana wuyana.

Ya Allah, ga bawanKa Iliya ya zo gare Ka. Ka yafe masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya masa kamar yadda ya sha zafin injin don matar wani ta sauka lafiya. Ka rufa masa asiri yadda ya rufa mini a gaban mutane. Ka ba Inna da Nura da sauran yara haƙuri, Ka sa mu cika da imani.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya tsaya ya yi wa Baba Kofur addu'a, ko da bai san shi ba. In addu'ar ta yi saura, a ɗan sam wa wata tsohuwar mota da wawan direbanta, daga nan zuwa bakin kabari kawai. Dawowa ko a ƙafa ne na yarda.

Ga su nan sun fito da shi.